Babi na Bakwai: Saitin Taimin Bel a Tsofaffin Motocin Ƙasar Daura

Mafi yawan ƙananan motocin da ke jigilar mutane da kaya a ƙasar Daura, wato a ƙananan hukumomin Daura da Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure, an ƙera su ne a Turai ko Japan cikin shekarun 1990, suka yi zamaninsu na farko a can, sannan aka shigo da su a matsayin na hannu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Legas. Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, tana cikin waɗanda aka fi gani a tashoshin mota, tare da Sharan da Peugeot 406 da tsofaffin Toyota da Honda, kuma su ne ke bin hanyar Kano ta Kazaure, da hanyar Katsina, da wadda ta nufi Kongolam a kan iyakar Nijar, suna ɗauke da fasinja da buhunan hatsi da kayan 'yan kasuwar Mai'adua. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa da gwamnatin tarayya ta yi daga 1 ga Janairun 2017, da cire tallafin man fetur a Mayun 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sun taru sun sa sayen wata mota ya gagari direba mai ƙaramin ƙarfi, don haka wadda ke hannunsa ita ce jarinsa, dole kuma ta ci gaba da tafiya ko da shekarunta sun kusa talatin.

Kanikawan da suka koyi sana'a a zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, sun saba da injin da ke amfani da sarƙar ƙarfe mai wanka cikin baƙin mai, wadda kan yi shekaru ba a taɓa ta ba, idan kuma ta saki sai ta yi ta ƙara tana sanar da mai ita tun da sauran lokaci. Motocin da suka maye gurbinta sun zo da bel na roba mai haƙora a madadin sarƙar, dabarar da kamfanin Glas na Jamus ya fara sa wa motocin kasuwa a farkon shekarun 1960, Fiat da Pontiac suka bi sahu a 1966, daga nan ta bazu saboda sauƙin kuɗinta da rashin nauyinta da rashin ƙararta. Rashin ƙarar nan shi ne aibinta, domin bel yakan tsufa shiru, ya tsallake haƙori ko ya tsinke ba tare da wani gargaɗi ba. Abin da wannan babi ya ginu a kai shi ne cewa gocewar saiti a tsohuwar mota alama ce ta wata lalura da ke ɓoye, kuma bakaniken da ya mayar da bel kan maki, wato alamar saiti da kamfani ya yi, bai gama aiki ba har sai ya tabbatar da gaskiyar makin, ya kuma gano abin da ya gusar da bel ɗin tun farko.

Aikin da bel yake yi

A ƙasan inji akwai kiranshaf, wato sandar ƙarfe mai gwiwoyi da ke mayar da hawa da saukar fistin ya zama juyi, a samansa kuma, cikin kan injin da kanikawa ke kira tof, akwai kamshaf, sanda mai tozaye waɗanda ke danna bawul su buɗe a kan lokaci. Kowace silinda tana da bawul na shiga, inda iska da mai ke bi, da bawul na fita, inda hayaƙi ke bi ya nufi salansa. Fistin yana yin tafiya huɗu kafin aikinsa ya zagayo: ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ƙarfin fashewar ya tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Tafiyar nan huɗu tana cin juyi biyu na kiranshaf, alhali kowane bawul sau ɗaya kawai ake so ya buɗe a cikinta, shi ya sa giyar kamshaf take da ninkin haƙoran giyar kiranshaf, ta yi juyi ɗaya a duk juyi biyu na ta ƙasa. Taimin bel shi ne ke haɗa giyoyin biyu, haƙoransa kuma su ne ke hana ɗaya ta wuce ɗaya ko ta yi jinkiri a bayanta.

Lissafi kaɗan zai nuna girman haƙori guda. Idan giyar ƙasa tana da haƙora 22, ta sama tana da 44, to haƙori ɗaya ya kai sama da digiri 16 na juyin kiranshaf, wato bawul zai buɗe ko ya rufe da wuri, ko a makare, da wannan tazarar a kowace silinda. Injin da ke juyi 3,000 a minti yana buɗe kowane bawul sau 25 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka kuskuren da ido ke rainawa a gareji yana maimaituwa sau dubbai kafin mota ta fita daga gari.

Injina sun kasu gida biyu dangane da abin da ke faruwa idan saiti ya ɓaci. A wasu, ko da bawul ya tsaya a buɗe gaba ɗaya fistin ba ya kai wa gare shi, irin injin 2.2 na Toyota Camry mai suna 5S-FE, wanda idan bel ɗinsa ya tsinke mota takan mutu kawai a jira sabo. A wasu kuwa, fistin da bawul wuri ɗaya suke shiga, lokaci ne kaɗai ya raba su, kamar mata biyu da ke lugude a turmi ɗaya, waɗanda taɓarensu ba sa haɗuwa muddin kowace ta kiyaye bugunta. Injinan Honda Accord na shekarun 1990, da na Peugeot 406 masu bawul 16, da na dizal kusan dukkansu, suna cikin wannan kashi na biyu, inda tsallaken haƙora kaɗan ya isa fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi, wani lokaci har ya fasa tof. Sanin kashin da inji yake ciki shi ne abu na farko da ya wajaba kafin a ɗora masa sifana, wanda kuma bai tabbatar ba sai ya ɗauka nasa mai karo ne, ya yi masa aiki da wannan taka-tsantsan.

Alamomin gocewa da abin da ke kama da su

Motar da bel ɗinta ya goce da haƙori ɗaya takan tashi, amma da ƙyar, silo, wato juyin inji idan mota na tsaye, ba ya zama daidai, ƙarfinta ya ragu musamman idan an yi mata lodi, ta ƙara shan mai, wani lokaci ta riƙa harbi ta salansa ko ta wajen shan iska. Waɗannan alamomi duka ana samun su a matacciyar fulogi, da toshewar nozul, da gurɓataccen mai irin wanda akan ci karo da shi a kwalabe da jarkokin bakin hanya, shi ya sa sau da yawa ake kashe kuɗi a wurare uku ko huɗu kafin wani ya tuna ya buɗe murfin taimin. Abin da ke taimakawa wajen rarrabewa shi ne tarihin matsalar. Idan ta fara nan take bayan an canza bel ko famfon ruwa ko gaskit, ko bayan an tura motar an fizge ta da giya don ta tashi, ko bayan ta yi wani mugun harbi, to bel ne abin zargi na farko, idan kuwa a hankali ta riƙa ƙaruwa cikin makonni, an fi kyautata zaton wuta ce ko mai.

Idan bel ya tsinke, ko haƙoransa suka zube a daidai giyar ƙasa, sautin kik yakan canja, ya yi sauri ya miƙe ba tare da nishin da matsi ke jawowa ba. A buɗe murfin zuba baƙin mai a leƙa ciki yayin da wani ke murɗa makulli sau ɗaya, in kamshaf bai motsa ba an sami amsa. Kallon bel daga sama bai wadatar ba, domin wanda haƙoransa suka zube a ƙasa yakan bayyana lafiya lau a miƙe, alhali giyar kiranshaf tana juyi a cikinsa ba ta jan komai. Daga wannan lokaci kowane ƙarin kik ɓarna ce a inji mai karo, tura motar kuma ya fi kik ɗin ma illa.

Gejin awon matsi, wanda ake ɗaurawa a ramin fulogi, yana raba gardama ba tare da an kwance inji ba. Idan silinda huɗu duka sun nuna matsi ƙasa da yadda ya kamata amma kusan daidai da juna, wannan ya yi kama da saitin da ya goce, tun da kuskuren ya shafi kowa daidai wa daida. Idan kuwa bayan an mayar da bel kan saiti, silinda ɗaya ko biyu suka nuna babu matsi ko kaɗan, sauran suna lafiya, bawul ya lanƙwashe, babu makawa sai an sauke tof. Motocin da suka fi waɗannan sabunta suna da na'urar ji a kan kiranshaf da wata a kan kamshaf, kwamfutar motar tana gwada saƙon ɗaya da na ɗaya, idan suka saɓa sai ta kunna fitilar gargaɗi, na'urar bincike kuma ta nuna lamba irin P0016, wadda ke nufin juyin sama da na ƙasa ba su dace ba.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a motoci masu distiributa, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogai bi da bi. Idan mota ta ƙi daidaita bayan an ɗaura bel, sai a sassauta distiributa a murɗa ta har sai sauti ya yi daɗi, a ce an gyara. Lokacin buɗewar bawul daban yake da lokacin tashin wuta, murɗa distiributa na biyun kaɗai yake gyarawa, na farkon yana nan a goce, motar kuma za ta ci gaba da shan mai da rashin ƙarfi da ɗaukar zafi. Distiributar da aka tarar an murɗe ta har ƙarshen ramin notinta shaida ce mai ƙarfi cewa wani ya taɓa rufe kuskuren bel da ita.

Inda maki yake a kowane inji

Duk masu ƙera mota sun ɗauki lokacin da fistin na silinda ta ɗaya ya kai ƙololuwar hawansa a matsayin ma'auni, sai dai kowane kamfani da yadda yake nuna wannan wuri. A injin 1.8 na Golf 3 wurare uku ne ake daidaitawa, ba biyu ba. Makin kiranshaf yana kan filawil, ana leƙa shi ta wani rami a saman gidan giya, kuma kusa da alamar sifili da ke nuna ƙololuwa akwai wani tsagi na daban da aka yi don saitin wuta, wanda mai gaggawa kan ɗauka a madadinta. Makin kamshaf yana kan giyarsa, ana daidaita shi da alamar da ke jikin inji a bayanta. Na uku shi ne wata sanda ta tsakiya da bel ɗin ke juyawa, wadda ita ke tafiyar da distiributa da famfon baƙin mai, ba ta da tauri ko kaɗan, yatsa ma yana iya gusar da ita yayin zura bel. Golf da ke ƙin tashi bayan canjin bel sau da yawa a nan matsalarsu take, ana kuma gane ta da cire murfin distiributa a duba ko hancin rota yana kallon ɗan tsagin da ke bakin gidanta.

Peugeot ba ta dogara da ido ba, ramuka ta yi a jikin giyoyi da jikin inji waɗanda idan sun haɗu ake zura ƙarfe mai kaurin da ya dace ya kulle su. Hanya ce mai kyau matuƙar ƙarfen ya cika ramin, amma siririn ƙusa ko sukundireba da ke rawa a ciki suna barin wasan da zai iya kai rabin haƙori, sannan ba a kwance ko ɗaure babban notin fuli alhali ƙarfen yana ciki, domin ba a yi shi don ɗaukar wannan ƙarfi ba. A Camry 2.2 akwai ɗan rami a giyar kamshaf da ake hango wani tsagi ta cikinsa, wurin kuma matsattse ne kusa da jikin mota, sai da ɗan madubi da tocila ake ganinsa tsaf, domin kallo daga gefe yakan nuna ya dace alhali ya goce. Accord kuwa tana da abubuwa biyu da suka bambanta ta: injinta na wancan zamani yana juyi ne saɓanin hannun agogo idan an tsaya ta wajen fuli, sannan tana da ƙaramin bel na biyu da ke juya sandunan rage girgiza, masu nasu makin, waɗanda idan aka ɗaura su a goce motar za ta tashi lafiya amma sitiyari da kujeru su yi ta karkarwa.

Lokacin da maki ya daina faɗin gaskiya

Duk abin da aka ambata ya ginu a kan zaton cewa kayan da makin ke jikinsu suna nan yadda kamfani ya haɗa su, zaton da bai cika tabbata ba a motar da ta ratsa hannun kanikawa da dama a ƙasashe biyu ko uku. Fulin kiranshaf na motoci da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakaninsu don shanye girgiza, idan robar ta tsufa da zafi sai zoben waje ya zame, ya tafi da makin da ke jikinsa, mai saiti ya daidaita da alamar da ta bar wurinta. Giyar ƙasa tana zaune ne a kan wani ɗan makullin ƙarfe da ke hana ta juyi ita kaɗai, idan kuma an taɓa barin babban notin bai ɗauru sosai ba, makullin da gurbinsa sukan cinye, giyar ta riƙa wasa, saiti ya dace yau gobe ya goce ba tare da bel ya tsallake ko haƙori ɗaya ba. Jan ƙura mai kama da tsatsa a bayan notin, da fulin da ke layi idan inji yana silo, su ne ke tona wannan. Haka nan injinan kwance da ake sayowa daga Kofar Ruwa a Kano sukan haɗu da filawil ko fuli ko murfin wani samfuri, kowanne da makinsa, ga kuma ɗigon fenti fari da ja da kanikawan baya suka bari, waɗanda ba su nuna komai sai inda bel yake a ranar da aka shafa su, ko daidai ne ko kuskure.

Tof da aka kai wa masu injin gogewa ma yana da nasa tasiri. Zafin Maris zuwa Mayu, da yakan haura digiri 40 a wannan yanki, da lodin da ya wuce kima, da lagireto mai yoyo, suna sa injina yawan ƙona gaskit, kowace gogewa kuma tana rage kaurin tof, ta matso da kamshaf kusa da kiranshaf. Sakamakon haka kamshaf yakan ɗan makara, maki ya tsaya tsakanin haƙora biyu ya ƙi zama daram, tazarar da ke tsakanin fistin da bawul ma ta ragu, har injin da a da ba ya karo ya iya fara yi. A irin wannan hali ana zaɓar haƙorin da ya fi kusa da maki, a sanar da mai motar dalili, a kuma nemi gaskit mai kauri idan ana samun na wannan inji.

Mafita daga duk wannan ruɗani ita ce a tambayi fistin da kansa, domin shi ba ya zamewa. Ana cire fulogai duka don inji ya yi sauƙin juyawa, a zura doguwar sanda mai tsabta wadda ba za ta karye ba a ramin silinda ta ɗaya, a juya kiranshaf da hannu a hankali ana kallon sandar tana hawa. Kusa da ƙololuwa sandar takan tsaya cik na ɗan lokaci alhali fuli yana tafiya, saboda haka sai a yi alama a inda ta daina hawa, a yi wata a inda ta fara sauka, tsakiyarsu ita ce ƙololuwar gaskiya, kuma da ita za a auna makin kamfani a ga ko yana nan a wurinsa. Kamshaf ma yana da irin wannan shaida. Idan aka cire murfin bawul a inji mai silinda huɗu, a lokacin da ta ɗaya take ƙololuwar matsi bawulolinta a rufe suke, tozayenta sun kau da kai daga gare su, ita kuwa ta huɗu bawul ɗinta na fita yana gama rufewa na shiga yana fara buɗewa, kusan daidai da juna. Wanda ya ga waɗannan abubuwa biyu sun haɗu ya san saitinsa na kan hanya ko da an goge kowane maki a jikin injin.

Abin da ke gusar da bel

Bel mai lafiya da aka ɗaure daidai ba ya tsallake haƙori haka kawai. Abu na farko da ake dubawa shi ne ajasta, wato ƙaramin fulin da ke danna bel ya miƙe, tare da sauran fulolin da yake bi. A juya kowanne da hannu a saurara, wanda ya yi ƙara ko ya yi wasa ko ya zubar da girisinsa boris ɗinsa ya mutu. A injinan da taimin bel ke juya famfon ruwa, irin na Camry da Accord da 406, famfon da boris ɗinsa ya saki yakan karkata, ya ja bel gefe, ya kuma zubo masa ruwa. Baƙin man da ke tsiyayowa daga sil ɗin kamshaf ko na kiranshaf yana jiƙa robar, ta kumbura ta yi laushi har haƙora su ɓalle daga tushe, sabon bel da aka ɗora a kan sil mai yoyo kuwa ba zai kai rabin kwanansa ba.

Akwai kuma gocewa ta gefe, inda bel ke barin tsakiyar giya ya riƙa gogar murfi ko jikin inji. Ana gane ta da gefen bel da ya yi ƙyalli ko zarensa ya fito, da baƙin garin roba a cikin murfi, da kankancewar faɗinsa idan an gwada shi da sabo. Dalilinta ba ya wuce fulin da ya karkata, ko ajastar da ba ta zauna sosai a mazauninta ba, ko wani faifan ƙarfe mai tare bel a gaban giyar ƙasa da aka manta ba a mayar ba, ko aka mayar da shi a juye. Murfin taimin kansa, wanda ake yawan jefarwa don a huta da kwance shi, yana da muhimmanci a ƙasa mai rairayi irin ta Zango da Baure fiye da a ƙasar da aka ƙera motar, domin ƙurar hunturu da yashin hanyoyin karkara suna cin haƙoran bel da na giya, tsakuwa guda kuma da ta faɗa tsakaninsu ta isa ta ɗaga bel ya tsallake.

Ɗaurin ma yana da iyaka ta kowane ɓangare. Wanda ya yi sako-sako yana dukan murfi, ya tsallake idan an fizgi mota, wanda ya yi tsauri kuma yana kuka mai kama da fito da ke ƙaruwa da totur, yana kashe boris ɗin famfo da na ajasta. A tsohon injin 1.8 na Volkswagen ma'aunin da aka sani shi ne a kama bel da babban yatsa da manuni a tsakiyar doguwar tazararsa, ya murɗu kwata ɗaya na juyi da ƙyar, ba fiye ba, amma wannan ƙa'ida ba ta hau kan injin da ajastarsa ke da sifirin ko mai a ciki ba, wanda shi ke daidaita kansa idan an bi tsarinsa. Dole kuma inji ya huce kafin a ɗaure, tun da ƙarfe yana buɗewa da zafi. Game da bel ɗin kansa, kafin a jefar da tsohon sai a ƙirga haƙoransa, a gwada faɗi, a dubi siffar haƙorin, domin akwai mai kusurwa akwai mai zagaye, kuma ɗaya ba ya zama a giyar ɗaya ko da yawansu ya zo daidai. Jabun bel mai ɗauke da sunan babban kamfani ya yawaita a kasuwa, kuma a nan ne maganar Hausawa ta araha ba ta ado ta fi tabbata, domin rarar da aka samu a kansa ba ta kai kuɗin bawul biyu ba, balle gaskit da gogewa da kwanakin da mota za ta yi ba ta lodi.

Ɗaurawa da tabbatarwa

Idan an kawar da dalili, an kuma tabbatar da maki, ana fara zura bel daga giyar ƙasa a bi ta ɓangaren da ba ajasta, a ja shi ya miƙe sosai har zuwa giyar sama, a bar duk sakin ya taru a ɓangaren ajasta, domin sakin da aka bari a ɓangaren ja shi ne ke komawa kuskuren haƙori ɗaya da zarar inji ya motsa. Ba a lanƙwasa bel sosai, ba a kuma cusa shi da sukundireba, saboda zaren gilashin da ke cikinsa yana karyewa ba tare da an gani daga waje ba, idan kuma akwai kibiya a bayansa sai ta kalli inda inji ke juyawa. Bayan an ɗaure ajasta sai a juya kiranshaf da hannu juyi biyu cikakku ta hanyar da yake bi, a dawo kan ƙololuwa ba tare da an koma da baya ba, a sake duba kowane maki da ɗaurin bel. Idan hannu ya ji inji ya cije a wani wuri, a tsaya nan take a koma bincike, domin abin da ya tare sifana bawul ne, ƙarfin kik kuma ba zai tausaya masa ba. Wannan mataki, wanda bai fi 'yan mintoci ba, shi ne aka fi tsallakewa idan direba yana tsaye a kan bakanike yana cewa layinsa ya kusa a tasha, kuma shi ne ya fi cancanta maigidan gareji ya tsaya a kansa da kansa maimakon ya bar wa yaransa.

Kamfanonin da suka ƙera motocin wancan zamani sun sa wa'adin canjin bel galibi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, ko shekara huɗu zuwa biyar, duk wanda ya riga zuwa. Motar hayar da ke zuwa Kano ta dawo Daura kullum tana cin sama da kilomita 200 a rana, wanda a kwanakin aiki 300 ya haura 60,000, wato wa'adin da mai mota a Turai zai yi shekaru bai cika ba ita a shekara guda take cika shi, cikin zafi da ƙura da lodin da ba a lissafa da su ba. Matsalar ita ce mitar tafiya ta yawancin waɗannan motoci ta mutu ko an taɓa ta, takardun gyaran da suka zo da su kuma sun ɓace tun a tashar ruwa, don haka duk wanda ya sayi ta hannu ya kamata ya ɗauka wa'adin bel ɗinta ya cika, ya canza shi tare da ajasta da famfon ruwa da sil a aiki ɗaya, sannan a rubuta ranar da fenti a jikin murfin taimin inda bakanike na gaba zai gani, ko a Daura yake ko a Damagaram.

Garin Daura yana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Disambar 2019, ga ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW, waɗanda ke da hanyar isa ga masu wannan aiki kai tsaye. Abin da garejin unguwa ke buƙata daga irin waɗannan cibiyoyi bai da tsada: takarda da Hausa mai zanen makin injina biyar ko shida da suka fi yawa a yankin, da yawan haƙoran bel ɗin kowanne, da bayanin wanda ke karo da wanda ba ya yi, sai gejin awon matsi da ƙarafan kulle Peugeot da garejoji da dama za su iya tarayya a kansu. Shi kuma mai mota, ko da bai san komai a inji ba, yana da ikon ya nemi a nuna masa tsohon bel da dalilin da ya sa ya goce, ya kuma tsaya a juya injin da hannu sau biyu a gabansa kafin a murɗa makulli.